Daga Mayu Zuwa Nuwamba: Yadda Mai Neman Zama Akanta Ke Auna Tafiyarsa

Lissafin kuɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Illela. Ranar Lahadi, idan kasuwa ta cika, ɗan canji kan juya naira zuwa sefa a kansa kafin mai saye ya gama zaro kuɗi daga aljihu, dillalin shanu kuma ya riƙe cinikin mutum biyar ba tare da ya taɓa biro ba. Yaron da ya tashi a Lafani ko Kalmalo, da Kwanni ta Nijar a tsallaken iyaka, da irin wannan lissafi yake buɗe ido. Sai dai takardar da ke mai da mutum ƙwararren akanta, wanda doka ta yarda ya binciki asusun kamfani ya sa hannu, hawa-hawa ake samunta, kuma a tsakanin hawa da hawa ne mutane da yawa ke zubewa.

Babbar hukumar wannan sana'a a Najeriya ita ce ICAN, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965, da marigayi Akintola Williams a matsayin shugabanta na farko. Jarrabawarta hawa uku ce: na tushe, na tsakiya, sai na ƙwarewa, kuma an fi sanin zamanta a watan Mayu da na Nuwamba. Wanda ya gama sakandare yana iya shiga ta ƙofar ATSWA, tsarin ƙananan akantoci na Afirka ta Yamma, mai kashi uku, da ake zama a Maris da Satumba. Mai digiri ko babbar difloma a fannin akanta, irin waɗanda Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi ke yayewa a Sakkwato, akan ɗauke masa wasu darussan farko gwargwadon matsayin kwas ɗinsa a wurin hukumar. Akwai kuma ANAN, mai kwalejinta a Kwall kusa da Jos, da CIBN ta ma'aikatan banki.

Wata shida ke nan tsakanin zama da zama. A baki yana da tsawo, amma da an sa shi a kalanda sai ya tsuke. An fito daga zauren jarrabawa a gajiye, sakamako kuma sai bayan makonni. A wannan zaman jira yawancin ɗalibai ke kife littafi, don ba wanda ya san ko gaba zai yi ko maimaici. Ranar da sakamako ya fito, sai a tarar kusan sulusin lokacin ya tafi, ga neman kuɗin rajista, ga sayen sababbin littattafai. Abin da ya rage a hannu bai fi wata huɗu ba.

Cibiyar CFA ta Amurka, wadda ke ba masu nazarin hannun jari takardar ƙwarewa tun 1963, ta ba da ma'aunin da ke da amfani ko ga wanda ba jarrabawarta zai yi ba: kimanin sa'a 300 na karatu ga kowane mataki cikin matakanta uku. A raba sa'a 300 cikin mako 26, za a samu kusan sa'a 12 a mako, abin da mai aiki zai iya da ɗan ƙoƙari. A raba su cikin mako 16, sun haura sa'a 18. Ga matashin da ke zaune a rumfar POS daga safe zuwa isha'i, ko kashiyan da ba ya tashi sai an daidaita asusun ranar, wannan bambanci na sa'a shida ko bakwai shi ne ke raba mai ci da mai faɗuwa. Cibiyar ma ba ta bari mutum ya zauna jarrabawa biyu ƙasa da wata shida a tsakani, ko da yana ganin zai iya.

To me ya kamata a yi da makonnin jira? Hutu dai dole ne. Mako biyu ko uku na barci da ziyarar dangi ba asara ba ne. Bayan haka, tsangaya ta daɗe da amsar. Almajirin da ke hadda yana da ƙari, yana da tishi: yana ɗaukar sabon karatu a allo, amma ba ya kwana bai maimaita na baya ba, kuma alaramma ba ya barin a wanke allo sai abin da ke kansa ya zauna. Wani masanin Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya auna abin a 1885, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe ya fi na dare ɗaya riƙo. Rabin sa'a bayan asuba, ana warware tsofaffin tambayoyi biyu ko uku, ta isa ta hana ilimin hucewa.

Wannan tishi ba ya faɗuwa ƙasa banza ko yaya sakamako ya zo, saboda yadda aka gina manhajar. Darasin haraji na matakin tsakiya shi ne ke dawowa a mataki na ƙarshe da nauyi ninki. Haka binciken asusu, haka tsara rahoton kuɗi: wanda ya koyi haɗa asusun uwar kamfani da reshe ɗaya, a gaba za a miƙa masa rassa da yawa, wani ma a ƙasar waje da kuɗin wata ƙasa. Mai jarrabawa a sama ba ya sake koyar da abin ƙasa, ɗauka yake yana nan a kai. Idan an ci, tishin ya zama harsashin mataki na gaba. Idan an faɗi, ya zama shirin maimaici.

Masu cewa bari su huta shekara guda su tara kuɗi suna da hujja, amma akwai abin da ya kamata su sa a lissafi: dokokin kuɗi ba sa jira. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 daga Fabrairun 2020. A 2020 aka sake dokar kamfanoni gaba ɗayanta. A Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu da suka sake fasalin tsarin. Ɗalibin da ya ajiye littafin haraji shekara biyu, idan ya dawo, wani sashe nasa sai dai a naɗe ƙosai da shi. Wasu hukumomin ma agogo suke sa wa mutum: ACCA ta Ingila tana ba da shekara bakwai a kammala darussan matakin ƙarshe, in ba haka ba na farkon da aka ci su fara zubewa.

Gaggawa ma tana da nata kuɗin. Kwasar duk darussan mataki a zama ɗaya tana burge abokai, amma kowane darasi da kuɗinsa, kuma wanda aka faɗi sai an sake biya. Ga mai aiki da iyali, biyu ko uku masu dangantaka da juna, inda ƙa'idar matakin ta yarda a raba, sun fi biyar da aka leƙa sama-sama. Masu CFA da ACCA kuwa da dala da fam suke biya, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Faɗuwa ɗaya a nan kuɗin bijimi guda ce.

Sai kalandar gida, wadda ba a Legas aka tsara ta ba. Mai shirin zaman Mayu, tsakiyar karatunsa na faɗawa a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ɗaki ya ƙi zaunuwa da rana, wuta kuma ta ƙi zuwa da dare. A 'yan shekarun baya azumi ma a nan ya riƙa faɗowa: na 2025 ya cinye watan Maris kusan dukansa, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. Wasu sun fi gane karatu bayan sahur, wasu kuwa tarawihi da tahajjud ba sa bar musu komai. Kowa ya san kansa, ya cire makonnin tun farko. Mai shirin Nuwamba kuma da damina zai yi kokawa. A Lafani, wanda ke da albashi ma yana da gona, kuma noma da girbin gero ba sa ɗaguwa don jarrabawa. Wanda gidansu ke noman albasa na rani, nasa matsin daban ne. Saboda haka zai fi kyau a aza darussa masu nauyi a zangon da hannu ya fi sakewa, a bar masu sauƙi ga ɗayan.

Rayuwar bakin iyaka na ƙara nata. An rufe boda a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da haka ta faru ciniki kan kwanta, kuma kuɗin rajista na cikin abin da ake fara jinginewa. Mai dabara kan ware kuɗin zama na gaba tun ranar da ya biya na yanzu, kaɗan-kaɗan ko ta hanyar adashi, ya haɗa da kuɗin mota da na masauki, tunda jarrabawar a birni ake yinta, Sakkwato kuma tafiyar kilomita 80 da wani abu ce daga Illela.

Azuzuwan share fage sun fi yawa a Kano, Kaduna da Abuja, amma waya ta rage tazarar. ICAN na wallafa tambayoyin baya da amsoshinsu, tare da bayanin masu makin kan inda ɗalibai suka yi tuntuɓe, kuma ana saukar da su daga shafinta na intanet. Mutum uku ko huɗu masu mataki ɗaya, ko ɗaya na Illela ɗaya na Gwadabawa, suna iya sa ranar Alhamis da dare su warware tambaya ɗaya da agogo a gabansu, kowa ya ɗauki hoton amsarsa ya tura ta WhatsApp, sannan su yi wa juna maki da amsar hukumar.