Aikin Haƙuri Ba Ya Ɓata

Tsofaffin Maraɗi ba su manta da mai hoton akwati ba. Manomi daga Jiratawa ko makiyayi daga Tibiri, in yana son hoton katin ɗan ƙasa, wurinsa yake zuwa.

Ga yadda aikin yake. Akwatin katako ne mai ƙafa uku da ido ɗaya na gilashi. Mutum ya zauna bisa benci, kada ya motsa. Mai hoto ya buɗe idon, ya ƙirga a zuci, ya rufe. Sannan ya zura hannu cikin akwatin, inda haske ba ya shiga, ya tsoma takardar cikin ruwan magani iri biyu. Hoton farko a juye yake fitowa: baƙar fuska ta zama fara, farar riga ta zama baƙa. Sai ya kafa wannan takarda gaban akwatin, ya sake ɗaukar ta. A karo na biyu ne kamannin mutum suke fitowa daidai. Ya wanke da ruwa, ya shanya, ya yanke da almakashi.

Yau yaro yana ɗaukar hoto 100 da salula kafin azahar. Amma ranar da salula ta faɗa rijiya ko ɓarawo ya ɗauke, sau da yawa fuskar kaka ta tafi ke nan. Hoton takarda kuwa yana nan cikin adaka, jikoki suna kallo.

Haka zancen abin sha yake. A teburin mai shayi, cokali ɗaya na Nescafé da ruwan zafi, an gama. A Habasha, mahaifar kofi, ba haka ake yi ba. Uwargida tana soya ƙwayar bisa garwashi, ta daka a turmi, ta dafa cikin tukunyar yumɓu, a sha zagaye uku.

Shayin Buzaye da Fulani ma zagaye uku ne. Na farko da ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku da zaƙi. Mai dafawa yana fifita gawayi, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta tashi. Kafin na uku ya sauka an ji farashin hatsi, an san inda ciyawa take, wani lokaci har manomi da makiyayi sun sasanta kan ɓarnar gona.

Maginan tukwane na Jiratawa sun san wannan karatu. Tulun da bai bushe sosai ba, in ya shiga wuta fashewa yake yi.

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ba laifi ba ne riƙe salula. Amma ku kai hoton iyayenku a wanke muku bisa takarda tun suna raye. Ku bar yaro ya zauna kusa da mai sana'a ya koya. Sauri ya haifi nawa.