Hoton Yunwa da Hoton Gawo: Abin da Kyamara ta Gani a Jihar Tawa

A cikin sana'ar ɗaukar hoto akwai wani reshe da za a iya kira hoton shaida, wato hoton da ake ɗauka domin kafa hujja a kan halin da jama'a ke ciki, kamar yunwa da gudun hijira da lalacewar ƙasar noma, sannan a haɗa shi da bayanin wuri da lokaci a miƙa wa waɗanda ba su je wurin ba. Reshen ya yi ƙarfi a Amurka tun daga 1908, lokacin da Lewis Hine ya riƙa shiga masaƙu da wuraren haƙar kwal yana ɗaukar yaran da ake sa su aikin manya. Jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wadda garin Bazaga da gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela ke cikinta, tana da babban gurbi a tarihin wannan fanni, domin sau biyu cikin shekara 32 duniya ta ga fuskar yunwa ta hanyar hotunan da aka ɗauka a can.

Na farko shi ne farin 1973. A shekarar ne Sebastião Salgado, mutumin Brazil wanda ya karanci tattalin arziki kuma yake aiki da ƙungiyar kofi ta duniya a Landan, ya ajiye aikin ofis ya ɗauki kyamara, kuma Nijar na cikin wuraren da ya fara gwada hannunsa, inda ya ɗauki iyaye mata a Tawa suna layin karɓar abincin 'ya'yansu. Daga baya, a 1984 da 1985, ya shafe wata 15 tare da ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières yana bin yunwa a Mali da Chadi da Habasha da Sudan, aikin da ya fito a littafi a 1986. Har ya rasu a watan Mayun 2025 ana lissafa shi a sahun gaba na masu wannan sana'a.

Na biyu ya fi kusa da zamaninmu. A ranar 1 ga Agustan 2005, Finbarr O'Reilly na kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ɗauki hoton busassun yatsun wani yaro ɗan shekara ɗaya da suka dafe leɓen mahaifiyarsa a cibiyar kula da masu tamowa a garin Tawa, kuma wannan hoton ne ya lashe babbar kyautar World Press Photo ta shekarar. Ba a musun amfanin irin waɗannan hotuna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi agajin dala miliyan 16 tun a watan Mayu, masu hannu da shuni suka yi kunnen ƙashi, sai da BBC ta nuna yaran a talabijin cikin watan Yuli sannan kuɗi suka fara shigowa. Haka kuma hotunan sun ƙaryata hukuma, domin a cikin watan Agustan ne Shugaba Tandja Mamadou ya ce babu yunwa a ƙasar.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a sha'anin yunwa akwai abin da ido ba ya kamawa sai an ji bayani. Mai kallon hoton O'Reilly a Turai zai ɗauka hatsi ya ƙare a Nijar, alhali fari da farin ɗango na 2004 sun rage amfanin gona ne kawai, kasuwanni kuwa da hatsi a cikinsu, sai dai kuɗin tiya ya fi ƙarfin talakan da ya riga ya sayar da nasa da araha tun da kaka domin biyan bashi, dabbobinsa kuma suka faɗi warwas a kasuwa. Ga ƙasar Ƙonni da ke bakin iyaka, farashin ya fi dogara da abin da ke faruwa a kasuwannin Najeriya, shi ya sa a wasu sassan Nijar aka laƙaba wa yunwar 1984 sunan El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakokin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta yi. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sake nuna hakan, lokacin da manyan motoci suka yi cirko-cirko tsakanin Ƙonni da Illelar Sakkwato (wadda bai kamata a rikita ta da Illelar Nijar ba). Bashi da tsada da dokar gwamnati ba su da fuskar da za a ɗauka, don haka kyamara ke komawa kan haƙarƙarin yaro.

Masu sukar fannin sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan. A 1991 Ingrid Sischy ta rubuta a mujallar New Yorker cewa kyawun hotunan Salgado yana sa mai kallo sha'awar hoton maimakon jin zafin abin da ke ciki, ita kuma Susan Sontag a 2003 ta zarge shi da barin marasa galihu ba suna. A ƙasar Hausa zargin yana da wani nauyi na dabam, domin a al'ada mutum yakan tsaya gaban mai hoto ne ranar salla ko biki, sanye da mafi kyawun tufafinsa, talauci kuwa abu ne da ake roƙon Allah ya rufa asirinsa. Matar da aka ɗauka a layin agaji ba ta cikin halin da za ta iya cewa a'a, kuma hotonta zai ci gaba da yawo shekaru bayan ɗanta ya warke ya girma.

Akwai wani nau'in hoton shaida da aka yi a jihar nan, wanda bai ci kyauta ba, kuma a ma'aunin ilimi ya fi waɗancan faɗin gaskiya. Gray Tappan, masanin labarin ƙasa a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 ya jera su da na 2003, ana kiran wannan dabara maimaita hoto, wato a ɗauki wuri guda daga kusurwa guda bayan shekaru domin a ga abin da ya sauya. A ƙauyen Galma na gundumar Madawa, inda kowa ke zaton hamada ta cinye, sai aka ga itatuwa sun ninka sau da yawa duk da ƙaruwar jama'a, domin manoma sun daina sassabe duk tohon da ya fito, suna barin gawo da kalgo da sabara su tashi a gona. Binciken da Tappan ya yi da Chris Reij da masanan Nijar ya ƙiyasta cewa wannan aiki ya game kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Labarin Illela ma haka yake. A 1989 wani shirin asusun raya noma na duniya, wato IFAD, ya kai manoman yankin ziyara Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo suka inganta tassa, wato ƙananan ramukan da ake haƙawa da rani a kan fako, a zuba taki a ciki, gara ta huda ƙasa, ruwan damina ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu. Abin ya karɓu har fakon da a da ba mai kallonsa ya zama abin saye da sayarwa. A ƙauyen Batodi, ruwan rijiyar da ake samu a zurfin kimanin mita 18 a 1994 ya taso zuwa mita 4 a 2004, mata suka kafa lambuna. Duk wannan yana gudana ne a daidai lokacin da jaridun duniya ke buga hotunan tamowa, kuma duka biyun gaskiya ne, sai dai ɗaya ce kawai ta samu shafin farko.

Wahalar da ke damun garuruwa irin su Bazaga a yau mai tafiyar hawainiya ce: gonar gado da ake ta rarrabawa har ta kasa ciyar da gida, koramar da ke cin bakin gona kowace damina, yashin da ke cike madatsun Mozage da Zongo waɗanda noman rani na Ƙonni ya dogara da su, da samarin da ke tafiya ci-rani da zarar an cika rumbu. Baƙon da ya zo na mako guda ba zai iya ɗaukar wannan ba, ɗan gari ne zai iya, kamar yadda Fati Abubakar ta nuna a Maiduguri da shirinta na Bits of Borno, inda ta ɗauki rayuwar yau da kullum ta mutanen da duniya ta sani da labarin Boko Haram kawai. Yanzu da wayar hannu mai kyamara ta shiga ƙauyuka, ya kamata ƙananan hukumomin Ƙonni da Malbaza da Illela, tare da malaman gona da makarantu, su ware wurare ƙayyadaddu da za a riƙa ɗauka kowace shekara a wata guda, a rubuta rana da sunan wuri da kuɗin tiyar hatsi na makon, a nemi yardar duk wanda fuskarsa za ta fito, sannan a adana kwafi a ofishin magajin gari inda jama'a za su iya dubawa.