Hawainiyar Kan Tsauni

Hawainiyar da manoman Keana a Jihar Nasarawa suke cin karo da ita a reshen bishiya ko a gefen gona lokacin damina, hawainiyar ƙasa mai zafi ce, wadda ta saba da yanayin kwarin Binuwai inda mata suke dafa gishiri tun kaka da kakanni. Sai dai tana da 'yan uwa da ba su jure wannan zafi, waɗanda masana suka ware musu jinsi nasu a shekarar 2009 mai suna Trioceros, jinsi kuwa a wurin masana shi ne rukunin dabbobi masu kusancin asali. Nau'o'insa sun kai kusan 40, kuma mafi yawansu suna rayuwa a kan bishiyoyin tsaunuka masu sanyi da hazo, daga Kamaru har zuwa Kenya da Tanzaniya.

A Najeriya ana samun mai ƙaho huɗu a tsaunin Obudu na Jihar Kuros Riba, ana kuma samun marasa ƙaho a duwatsun Gotel da ke Jihar Taraba, maƙwabciyar Nasarawa. Ƙahon nan na maza ne, da shi suke turereniya a kan reshe har sai ɗaya ya ja da baya ko ya faɗo, faɗa ne mai tafiyar hawainiya, babu gaggawa a cikinsa.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne labarin hawainiyar Jackson ta ƙasar Kenya, 'yar wannan jinsi mai ƙaho uku, wadda ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi. A shekarar 1972 wani mai shagon sayar da dabbobi a Kaneohe, cikin tsibirin Oahu na Hawai, ya shigo da wasu daga Kenya, da suka iso a galabaice sai ya sake su a bayan gidansa don su farfaɗo. Sun farfaɗo kuwa, har suka wuce inda ya nufa, domin sun bazu cikin dazuzzukan tsibirin, inda a yau suke cinye dodon koɗin bishiya da ke gab da ƙarewa.

A tsaunukan nan na gida kuma, sare daji da ƙona ciyawa don kiwo suna rage wa hawainiyoyin mazauni, kuma hawainiyar da ta saba da sanyin tsauni ba ta iya ratsa kwari mai zafi ta koma wani tsaunin.