"Tura Min Wannan": Yadda Ake Hirar Waƙa a Kurudu

Wanda ke kwana a Kurudu yana aiki a cikin birnin Abuja ya san darajar asuba. In bai kama hanya da duku-duku ba, cunkoson Jikwoyi da Karu da Nyanya zai cinye masa safiya kafin ya ga gadar AYA. A cikin wannan doguwar tafiya, mutum huɗu a kujerar baya, biyu a gaba, babu mai iko da kunnen kowa sai direba. Abin da ya saka shi za a ji. A irin wannan mota na fara lura da wani abu da nake ganin ya cancanci nazari: da wuya waƙa ta kai ƙarshe ba a samu wanda ya tanka ba. Wani zai tambayi sunan mawaƙin, wani ya ce ai wannan tsohuwa ce, an yi ta tun yana makarantar firamare, wani kuma ya zaro waya ya ce wa direba, "Don Allah in mun tsaya ka tura min wannan."

Kurudu gari ne na Gbagyi tun asali, a kan titin da ya wuce Orozo ya nufi Karshi. Bayan da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991, da kuma rusau ɗin da aka yi a cikin birni tsakanin 2003 da 2007, tsadar haya ta yi ta koro mutane zuwa irin waɗannan garuruwa na gefe. Ga rukunin gidajen sojoji, ga na 'yan sanda, ga ƙananan ma'aikata, ga 'yan ci-rani masu shayi da masu nama da 'yan acaɓa. Kusan kowa baƙo ne. A inda kowa baƙo ne kuwa, tambayar "me kake ji?" tana yin aikin da "ɗan gidan wa ne kai?" take yi a gida. Ka ji kotso na tashi daga wayar mai gadi, ka san da wuya in ba mutumin ƙasar Sakkwato ko Zamfara ba ne. Ka ji gurmin Haruna Uji, zuciyarka ta tafi Haɗeja. Matar da ke wanke-wanke tana bin amadar Barmani Choge ta gaya maka wani abu game da gidan da ta taso ba tare da ta yi maka magana ba.

Wannan ɗabi'a ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya raini al'umma guda a kan shirin Zaɓi Sonka: mutum ya sayi kati, ya rubuta sunayen 'yan uwa da abokai, ya zaɓi waƙa, ya aika, sannan ya kasa kunne ya ji an ambace shi. Har ƙungiyoyi aka kafa na masu zaɓe, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka zama aminai saboda suna jin sunayen juna a rediyo. Da kaset ya zo, sai aro ya shigo. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafa da rarrabawa, direbobin manyan motoci suka zama 'yan aike, kaset ɗaya ya zaga gidaje goma har zarensa ya tsinke a ɗaura shi. Layin salula ya shigo Najeriya a 2001, kuma ba a daɗe ba aka samu sabuwar sana'a: matashi da kwamfuta a ƙarƙashin laima ko cikin ɗan shago, ka ba shi memori ka faɗi abin da kake so, ya cika maka. Masu tura waƙa ke nan, ko 'yan dawunlodin kamar yadda aka fi kiransu. Har yau suna nan a bakin titin Kurudu, kusa da masu cajin waya, duk da cewa Xender da WhatsApp sun rage musu ciniki.

Ina ganin ba a ba waɗannan matasa matsayin da ya dace da su ba a tarihin waƙarmu. Su ne suka maye gurbin mai gabatar da shiri a rediyo. Mai tura waƙa ya san wanda ke zuwa neman Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, ya san dattijon da ba ya karɓar komai sai Shata da Ɗanƙwairo, ya san wanda ba ya jin kiɗa sam saboda fahimtarsa ta addini, sai ya haɗa masa karatu da wa'azi da rubutattun waƙoƙi irin na Aliyu Namangi. Yakan ce, "Akwai wata sabuwa, bari in sa maka ka ji." Da wannan 'yar jimla aka gina sunan mawaƙa da yawa.

Labarin Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, ya isa misali. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da irin sautin na'ura da aka saba ji a waƙoƙin fina-finan Hausa. Babu kamfanin da ya tallata shi. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka tsallaka hamada, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su a arewacin Mali cikin waƙoƙin da yake kwafa daga wayoyin mutane. A 2011 ya fitar da tarin abin da ya samu a faifai, bayan ya bi sawun mawaƙan don ya ba su rabonsu. Yau Mdou Moctar yana cika dandali a Turai da Amurka. Hannun talakawa ne ya ɗauke shi ya kai shi can.

Sai dai tura waƙa rabin al'amarin ne. Rabin da ya fi damuna shi ne hirar da ke biyo baya, domin waƙar baka ta Hausa ba a gina ta don kunne ɗaya ba. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun nuna yadda take da gindi da ɗiya, da turken da aka ɗaure ta a kai, da jagora da 'yan amshi. Tun daga tsarinta, zance ce tsakanin mutane. Kuma cike take da abubuwan da ba a faɗa a fili. Makaɗin fada zai wasa ubangidansa, sannan ya juya ya yi wa wani ɗan sarki zambo ba tare da ya kama suna ba: ya siffanta tafiyarsa, ko rawaninsa, ko rowarsa. Mutanen fadar sun san da wa ake. Wanda ya zo bayan shekara sittin bai sani ba, sai an gaya masa. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙi da Hausar da ɗan Kano ko ɗan Zariya na yau zai ji rabinta ta wuce shi, ba don ba ya jin Hausa ba, sai don Gobirci ne mai zurfi, ga karin magana, ga sunayen dawaki da garuruwa da fadawa. In babu wanda zai tsayar da waƙar ya ce "ka san abin da yake nufi a nan?", abin da ya rage kiɗa ne mai daɗi kawai.

A nan ne Kurudu take da wata dukiya da ba ta san tana da ita ba. Cikin tsofaffin sojojin da suka yi ritaya suka zauna a wannan yanki akwai waɗanda suka taso da muryar Mamman Shata a bariki. Shata ya yi wa soja waƙa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma ga wanda ya sa kaki, wannan ba tarihi ba ne na littafi. Na zauna a wata majalisa bayan sallar isha'i, kusa da teburin mai shayi, inda wani dattijo ya sa aka mayar da waƙa ɗaya baya har sau uku. Kowane sunan da aka ambata sai ya ɗaga hannu a dakata, ya faɗi ko wane ne, garinsu, da abin da ya haɗa shi da mawaƙin. Samarin da ke wurin, waɗanda aka haifa bayan rasuwar Shata a 1999, sun zo shan shayi ne, amma babu wanda ya tashi. Waƙar minti goma ta ɗauki fiye da awa guda. Abin da Ɗandatti Abdulƙadir ya yi a digirinsa na uku a kan Shata a 1975, da abin da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka tattara a littafin tarihin mawaƙin a 2006, shi wannan dattijo yake yi a kan benci, da baki, kyauta.

Kada a ɗauka hirar ta tsofaffi ce kaɗai. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta tayar da muhawarar da ta shiga kowane gida, bayan da matan aure suka riƙa ɗora bidiyon rawar da suke yi wa mazajensu. Malamai sun yi magana, iyaye sun yi, matasa sun mayar da martani. Waƙoƙin siyasa na Dauda Kahutu Rarara kan raba majalisa gida biyu kafin a kai amshi na biyu. Akwai masu cewa Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa ne suka riƙe zaren magabata, akwai masu cewa fiyano ta kashe kalangu. Ni ban yarda ta kashe shi ba; kowane zamani da kayan kiɗansa, kuma kuntigin Ɗanmaraya Jos ma ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, hikimar mai riƙe da shi ce ta sa ya yi wa karen mota waƙar da har yau direbobi ke ji a jikinsu. Abin tambaya a kullum shi ne ko akwai magana a cikin waƙar da ta isa a zauna a kanta.

Wani abin da zaman Kurudu ya ƙara shi ne kunnen maƙwabci. Ranar Lahadi za ka ji waƙoƙin coci da Hausa tsantsa, irin na Solomon Lange, daga bakin mutanen kudancin Kaduna da Filato da Nasarawa. A watan Maulidi sha'irai su karɓe dare da bege. Makanike Bayarabe ya nemi a fassara masa abin da Ado Gwanja ke cewa, yaron shagonsa Bahaushe ya nemi a fassara masa Asake. Sau da yawa a nan ake fara gaisawa.

Abin da nake tsoro shi ne ɗan abin nan da ake toshe kunne da shi. Boomplay da Audiomack da YouTube, da Spotify da ya iso Najeriya a 2021, sun kawo sauƙin da kakanninmu ba su yi mafarkinsa ba, kuma sun buɗe wa mawaƙi ƙofar samun wani abu daga guminsa, abin da memori da kaset ɗin kwafi suka hana shi shekara da shekaru. Wannan gaskiya ce, kuma duk mai son waƙa ya kamata ya so mawaƙi ya ci abinci. Amma na'urar da ke zaɓa maka waƙa ta gaba tana duba abin da ka saba ji ne ta ƙaro maka irinsa. Ba za ta ce maka ka yi kuskure ba, ba za ta yi maka gardama ba, ba ta san wanda aka yi wa habaici ba. Yanzu akan shiga mota daga Kurudu har Nyanya, mutum shida, kowa da abin da yake ji, ba wanda ya san na wani.

Ga kuma ɓarnar da ke faruwa a cikin fayilolin kansu. Waƙa ta bi ta waya ɗari, sunanta ya goge, ta koma lamba. An yanke farkonta inda sanƙira ke gabatar da wanda aka yi wa ita. Na ga waƙar Salihu Jankiɗi an rubuta mata sunan Ɗanƙwairo, na ga ta Ɗan Anace, mai wasa 'yan dambe irin su Shago, an jefa ta cikin jakar da aka yi wa laƙabi da "tsofaffi" kawai. Wanda ya karɓa a haka, a haka zai tura wa na gaba.

A majalisar nan ta mai shayi, da dattijon ya gama bayani, wani saurayi ɗan acaɓa ya miƙo waya a tura masa. Da ta shiga, sai ya tsaya yana latsawa da babban yatsa, a hankali. Ya goge lambar da ke kan fayil ɗin, ya rubuta sunan mawaƙin, ya ɗago kai ya ce, "Baba, wa ka ce aka yi wa ita?" Dattijon ya maimaita, shi kuma ya rubuta.