Kayan Aiki Masu Araha: Wanne Ne Riba, Wanne Ne Asara?

Duk wanda ya shiga kasuwar ƙauye a ƙarshen rani zai tarar da masu kayan ƙarfe sun baje hajarsu a kan buhu ko a cikin baro. Ga shebur, ga adda, ga diga, ga guduma, ga sifana da filaya. Duk sababbi ne, suna ta ƙyalli. In aka tambayi kuɗinsu sai a ji sun yi araha ƙwarai. Wani ma bai kai rabin kuɗin na babban shago ba.

To, manomi ya sayar da ɗan akuyarsa ko tiya goma ta wake. Kuɗin nan kuwa a cikinsu zai sayi taki da iri. Dole ya tsaya ya yi tunani. In ya ɗauki mai arahar nan, ya ci riba ne ko ya zuba kuɗinsa a rijiya?

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma mai sayen shebur ba ado ya je nema ba, aiki zai yi. Akwai mai araha da zai shekara biyar yana aiki. Akwai kuma wanda ba zai kai mako guda ba. Ana iya gane su tun a kasuwa, kafin a miƙa kuɗi.

Daga ina suke zuwa?

Yawancin waɗannan kaya a ƙasar Sin ake yin su, wasu kuma a Indiya. A can Sin akwai wani gari da ake kira Yongkang, wanda ya shahara da masana'antun kayan ƙarfe. Kusa da shi akwai Yiwu, inda 'yan kasuwa daga ƙasashe da yawa ke zuwa sari. Jirgin ruwa ke kawo kayan Legas, manyan motoci su hauro da su Arewa. Daga kasuwanni irin su Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, 'yan koli ke sarowa su kai ƙauyuka.

Abin lura a nan shi ne, masana'anta tana yin kaya ne daidai da kuɗin mai sari. In ɗan kasuwa ya biya da kyau, za a yi masa mai kyau. In ya ce a rage masa kuɗi, sai a rage kaurin ƙarfe, a sa wanda bai kai ba, a shafe da fenti. Saboda haka ba a cewa duk kayan Sin ba su da ƙarko. Mai kyau da maras kyau duk daga can suke.

Darajar naira ma tana da hannu a ciki. A 1985 naira ɗaya ta ɗan fi dalar Amurka ɗaya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, watau SAP, naira ta fara faɗuwa. A 2024 sai da dala ɗaya ta haura naira 1,500. Duk lokacin da naira ta faɗi, kayan waje sai su yi tsada. Mai sari kuwa ya san abin da aljihun mutanen karkara zai iya ɗauka, sai ya koma sayo na ƙasa da wanda ya saba.

Ba a nan kaɗai ake sayen mai araha ba. A Amurka akwai wani kamfani mai suna Harbor Freight, wanda aka kafa a 1977. Yana da kantuna fiye da 1,000, kuma da sayar da kayan aiki masu sauƙin kuɗi aka san shi. A Turai, kantunan Lidl da Aldi na Jamus sukan sayar da guduma da sifana a gefen kayan abinci. Bambancin shi ne, a can in abu ya karye mutum zai koma da rasit a canza masa. A kasuwar ƙauye kuwa, mai kayan yau yana nan, gobe yana wata kasuwa. Don haka idon mai saye shi ne rasit ɗinsa.

Ƙarfe ba ɗaya ba ne

A ido duk ƙarfe ƙarfe ne, amma maƙera sun san ba haka ba ne. Abin da ke raba wani da wani shi ne wani sinadari da ake kira kabon. Shi ne dai abin da ke cikin gawayi. In ya yi kaɗan a cikin ƙarfe, ƙarfen yakan yi laushi. Irin wannan shi ne na duro da kwanon rufi da ƙusa. Yana lanƙwasuwa, kuma ko an wasa shi ba ya riƙe kaifi. In kabon ya yi yawa, kamar kashi 2 zuwa 4 cikin 100, ƙarfen yakan yi tauri amma ba ya jure duka. Wannan shi ne ƙarfen zubi, wanda ake narkawa a zuba a cikin mazubi. In ya sha wuya ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi kamar tukunyar ƙasa.

Ƙarfen da ya dace da adda da gatari da kurfi yana tsakiya. Kabon ɗinsa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Sifirin mota irinsa ne, shi ya sa maƙera ke nemansa ruwa a jallo wurin 'yan gwangwan.

Samun ƙarfe mai kyau rabin aiki ne. Bayan an ƙera, sai an hura shi ya yi ja, a tsoma a ruwa ko a mai don ya yi tauri. Daga nan a sake ɗumama shi kaɗan don kada taurin ya yi yawa ya riƙa karyewa. Wannan aiki yana cin wuta, yana cin lokaci. Shi ne kuma abin da masana'antar da ke neman rage kuɗi ke fara yi wa ha'inci, domin ba a ganinsa a ido. Addar da ba ta samu wannan aiki sosai ba, da ta haɗu da kututture sai bakinta ya nannaɗe. Wadda taurinta ya wuce kima kuwa, sai bakin ya riƙa ɓantarewa.

Yadda ake gwadawa

Abu na farko shi ne a ɗauka a hannu a ji nauyi. In akwai shebur biyu masu girma ɗaya, mai nauyin ya fi kauri. A kafa bakinsa a ƙasa a taka da ƙafa a hankali. Mai kyau zai ɗan ba da kai ya koma yadda yake. In ya lanƙwashe ya tsaya a haka, a ajiye shi. A duba wuyansa, inda ƙota ke shiga, domin nan ne shebur mai araha ya fi tsagewa.

Adda kuwa a riƙe ta a ƙota a ƙwanƙwasa ta da wani ƙarfe. Mai kyau takan yi ƙara mai tsawo. In ƙarar ta mutu nan take, ko dai akwai tsaga ko ƙotar ba ta kama ba. Wanda ke da magagari ya tafi da shi kasuwa, ya nemi izinin mai kaya ya ɗan goga a bakin addar. In magagarin ya nutse yana cin ƙarfen kamar sabulu, laushinsa ya yi yawa. Mai kyau yakan ciwu, amma da ƙyar. A wurin masu injin wasa wuƙa ma ana ganewa. Ƙarfen kirki yakan fitar da tartsatsi mai yawa mai fashewa kamar taurari. Na duro kuwa tartsatsinsa dogaye ne, ba sa fashewa sosai.

Ƙota ma abin dubawa ce. Fenti mai kauri yakan ɓoye tsaga da cin ƙwaro. A nemi wadda zaren itacenta ya miƙe daga sama har ƙasa, ba ƙulli a tsakiya. Amma ƙota ba ta hana ciniki. In ƙarfen yana da kyau, masassaƙi zai yi wata ta ƙirya ko ta aduwa wadda ta fi ta kanti.

Mai babur ko mai injin ban ruwa da zai sayi sifana, ya zo da noti a aljihu ya gwada. In ta kama cif, madalla. In tana rawa, za ta cinye kan noti, kuma notin da kansa ya cinye sai an kai wa mai walda. Filaya kuwa a rufe bakinta a ɗaga wajen rana. In haske na ratsa tsakanin haƙoranta, ba za ta riƙe waya ba.

A nan ne karatu ke yi wa mutum rana. A jikin kowace sifana akwai lamba, kamar 10 ko 12 ko 14 ko 17. Lambar nan faɗin bakinta ce a ma'aunin milimita. Wanda ya iya karanta ta ba zai sayo wadda ba ta shiga notin babur ɗinsa ba. Wasu kuma an rubuta musu Cr-V, watau an gauraya ƙarfen da wasu sinadarai masu ƙara masa ƙarfi. Sai dai rubutu ba rantsuwa ba ne. Masu jabu ma sun iya bugawa. Dattawa sun san adda mai tambarin kada, ta kamfanin Martindale na Ingila, wadda ta yi suna a Afirka ta Yamma. To, duk tambarin da ya yi suna, masu kwaikwayo na biye da shi. Tun 1971 gwamnati ta kafa hukumar kula da ingancin kaya, watau SON, amma ma'aikatanta ba za su iya tsayawa a kan kowace rumfa ba.

A yi lissafi

Ga wani lissafi irin na aji. Kuɗin da ke ciki na misali ne kawai, kowa ya sa na kasuwarsu. A ce akwai shebur na naira 3,000, akwai na naira 7,500. Mai yin bulo ya sayi na 3,000, ya yi masa wata huɗu ya tsage. A shekara zai sayi uku, kuɗinsu naira 9,000 ke nan. Da ya sayi na 7,500 ya yi masa shekara biyu, da kowace shekara naira 3,750 ya kashe. A wurinsa, mai tsadar shi ne mai araha.

Amma ga maƙwabcinsa, wanda ba ya taɓa shebur sai zai kwashe taki ko zai gyara magudanar ruwa, sau biyar ko shida a shekara. Shi kam na 3,000 zai daɗe a hannunsa. In ya sayi na 7,500 ya ɗaure naira 4,500 a banza, alhali da ya ƙara a kuɗin iri. Haka sukudireba da manjagara da awon tef suke ga mai gida. Mai araha ya wadatar.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga wannan lissafi. Fartanyar da ta karye ranar da aka shiga noman farko, kasuwa kuma sai bayan kwana shida, ba kuɗinta kaɗai aka rasa ba. Ciyawa ba ta jiran ranar kasuwa. Duk abin da mutum ke ci da shi kullum, ya daure ya sayi mafi kyan da aljihunsa zai iya.

Inda araha ke da haɗari

Wasu kayan in sun lalace a jiki suke ƙarewa. Gudumar zubi takan ɓantare in an doki ƙarfe da ita, ɓarɓashin ya tashi kamar harsashi, kuma ido yake nema. Ana gane ta da kaushin jiki da ƙananan ramuka kamar na yashi a ƙarƙashin fenti. Gatarin da kansa ke rawa a ƙota, kada a sara da shi yara na kusa. Robar da ke hannun filaya mai araha kuwa don daɗin riƙo aka sa ta. Ba ta kare mutum daga wutar lantarki.

Mafi haɗari shi ne abin da ke ɗaukar nauyi. A 2020 kamfanin nan na Amurka, Harbor Freight, ya yi shela a dawo masa da ƙafafun ƙarfe da ake tokare mota da su in an ɗaga ta, fiye da miliyan ɗaya da rabi. Dalili shi ne an gano suna iya suɓucewa motar ta faɗo. Can ke nan, inda ake bin diddigin kaya. Makaniken da ke shiga ƙarƙashin mota ko tarakta, kada ya dogara da jak shi kaɗai, kowane iri ne. Ya ƙara tokarewa da gungumen itace mai ƙwari.

Kada a manta da maƙeri

Sau da yawa mai neman araha yakan wuce ta a ƙofar gidansa. Fartanya da garma da lauje da gatari da masassabi, maƙerin gari ya fi masana'antar waje sanin irin da ya dace da ƙasar wurin. Ƙasar jigawa daban, ta fadama daban. Mutum zai iya kai masa guntun sifirin da ya samo, ya tsaya a yi a gabansa. In bakin ya cinye a mayar masa ya buɗa, in ya tsage ya gyara. Maƙeri ba ya ƙaura ranar da kasuwa ta tashi. A manyan wurare irin su Panteka a Kaduna ma ana ƙera baro da shebur da sauran kaya daga tsohon ƙarfe. Su ma dai a gwada su kamar yadda ake gwada na waje, domin akwai masu yi da ƙarfen duro su ce na sifirin ne.

Sifana da filaya da zarto kuwa sai na masana'anta. Ga makanike ko kafinta, tsohuwar sifana 'yar gwanjo mai ƙarfen ƙwarai takan fi sabuwa mai ƙyalli, kuma kuɗinsu yakan zo kusa.

Ko wanne aka saya, a kankare masa laka bayan aiki, a shafa ɗan baƙin mai, a rataye a rumfa inda raɓa ba ta sauka. Masu niyyar kai fartanya maƙera su kai tun a watan Afrilu. Da ruwan farko ya sauka layi yakan yi tsawo, maƙeri kuma shi ma yana da gonarsa.