Koyon shigar da bayanai a kwamfuta: Abin da matasan Bomo ke nema da abin da kasuwa ke buƙata

Bomo, a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, na maƙwabtaka da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka kafa a 1962. Wannan kusanci ya sa matasan garin da dama ke kallon koyon kwamfuta a matsayin hanya mafi sauri ta samun abin yi bayan kammala sakandare.

Wuraren koyon kuwa sun kasu kashi biyu. Akwai manyan makarantu irin su Cibiyar Iya Abubakar da ke cikin jami'ar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, masu bayar da difloma. Akwai kuma ƙananan cibiyoyi masu zaman kansu a Samaru da Sabon Gari, inda ake koyar da Word da Excel cikin 'yan watanni.

A da, buga takardu kaɗai na iya ciyar da mutum, musamman lokacin da ɗalibai ke haɗa kundin bincikensu na kammala karatu. Yanzu ɗalibai da yawa na buga nasu da kansu, don haka aikin ya karkata ga rijista da cike fom a intanet.

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, sannan daga 2021 ta wajabta lambar NIN ga duk mai yin rijista. Ke nan harafi ɗaya da aka kuskure a sunan ɗalibi na iya jawo masa zarya da kashe kuɗin gyara, wani lokacin har ya rasa gurbin karatu.

A nan ne ake gane wanda ya ƙware. Excel kan cire sifilin farko na lambar waya idan ba a saita gurbin a matsayin rubutu ba. Haka kwamfutar da ke kan tsarin Amurka za ta ɗauki 03/04 a matsayin 4 ga Maris, alhali mai takardar na nufin 3 ga Afrilu. Wanda bai san waɗannan ba zai iya lalata rijistar mutum ɗari a zama guda ba tare da ya lura ba.

Samaru gida ce ga cibiyoyin bincike irin su IAR da NAERLS, kuma irin aikinsu na buƙatar tattara bayanai daga manoma. A yau akan yi wannan aiki da waya ta manhajoji kamar KoboToolbox da ODK. Matashin da ya iya su, ga kuma Hausa a bakinsa, ya fi mai saurin buga rubutu kawai damar samun aiki.

Kafin iyaye su biya kuɗin makaranta, akwai abubuwa uku da ya kamata su bincika: ɗalibai nawa ke raba kwamfuta ɗaya, ko akwai janareta ko sola idan an ɗauke wuta, da kuma ko hukumomi sun amince da takardar shaidar. Kwasa-kwasan difloma na kwalejojin fasaha dai hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ce ke tantance su.

Mai ɗaukar ma'aikaci yakan zaunar da mai neman aiki gaban kwamfuta ya miƙa masa jerin sunaye. A wannan gwajin, sa'o'in da ɗalibi ya shafe yana aiki da hannunsa ne za su fitar da shi kunya.