Shukar Binne: Begen Tashin Matattu a Ƙasar Gobir

Duk wanda ya taɓa noma a ƙasar Gobir ya san shukar binne, wadda mutanen can suke ce wa bizne. In bazara ta yi nisa ruwa bai sauka ba, sai manomi ya ɗebi iri daga ɗan geron da ya rage a rumbu, ya tafi gona ya sari busasshiyar ƙasa, ya zuba, ya take da ƙafa. Wanda bai san noma ba sai ya ce an yi asarar abincin yara. Amma manomi ya san abin da yake jira. Da wannan kalma ta binne kuma muke faɗar abin da ake yi wa gawa. Manzo Bulus ma, da yake koya wa Korantiyawa zancen tashin matattu, da iri da shuka ya yi masu misali (1 Korantiyawa 15). Bari mu duba abin da wannan koyarwa take faɗa wa iyalin Kirista da ke zaune a Sabon Birni, da Isa, da ƙauyukan da ke bakin iyaka.

Ƙasar da ta sha kuka

Gobirawa ba baƙin wahala ba ne. A shekarar 1808 babban birninsu na Alƙalawa, a bakin Gulbin Rima, ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi, aka kashe Sarki Yunfa. A 1836 aka sāke cin su da yaƙi a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali ya mutu a fagen fama. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Bayan wasu shekaru kuma Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya zo ya kafa Sabon Birni. Alƙalawa kuwa, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, ta zama kufai.

A zamaninmu wata masifa ta sauko wa ƙasar, wato ta 'yan bindiga masu zama a daji. A watan Mayu na 2020 suka faɗa wa waɗansu ƙauyukan Sabon Birni, suka kashe mutum fiye da 70. A watan Disamba na 2021 suka tare motar matafiya a wajen Gidan Bawa, suka cinna mata wuta da mutane a ciki, fiye da 20 suka mutu. A watan Yuli na 2024 suka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya. Cikin watan Agusta aka ji labarin mutuwarsa a hannunsu, aka yi masa salla ba gawa. Tun daga 2019 dubban mutane suka ƙetare iyaka suka fake a jihar Maraɗi. A ƙauyuka da dama an ɗora wa manoma haraji kafin a bar su su shiga gonakinsu.

Galibin waɗanda aka kashe maƙwabtanmu Musulmi ne, gama masu bi kaɗan ne a wannan yanki. Amma harsashi ba ya tambayar addini. Hanya ɗaya ake bi, kasuwa ɗaya ake ci, tsoro ɗaya ake kwana da shi. Saboda haka tambayar da ke bakin kowa ta shigo gidajenmu: ashe mai bindiga ne yake da maganar ƙarshe?

Abin da ya faru ran Lahadi

Amsar Kirista tana farawa daga wata Jumma'a a Urushalima. A ranar nan mugunta ta yi iyakar ƙoƙarinta. Wani na jiki ya sayar da Ubangijinsa a kan azurfa 30. Aka kawo shaidun zur. Mai mulki ya san mutumin nan ba shi da laifi, amma ya ji tsoron taro ya ba da shi. Aka gicciye shi, aka sa shi a kabari, aka rufe da dutse, aka sa masu gadi. Duk irin abin da mutanen Gobir suka gani a shekarun nan, cin amana, da zalunci, da rashin mai ceto, Yesu Almasihu ya riga ya sha shi a jikinsa.

A rana ta uku, da sassafe, mata suka je suka tarar kabarin ba kowa. Ya bayyana ga Bitrus, da sauran manzanni, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda. Sa'ad da Bulus yake rubuta wannan, yawancinsu suna nan da rai, mai shakka yana iya zuwa ya tambaye su.

Maƙwabtanmu Musulmi sun gaskata da tashin ƙiyama da ranar hisabi, mu ma mun gaskata. Abin da bishara ta ƙara shi ne, akwai wanda ya riga ya tashi. Littafi Mai Tsarki ya kamanta shi da amfanin farko na gona. A ƙasar gero wannan shi ne tumu. Ran da maigida ya karyo tumu aka gasa, rumbu bai cika ba tukuna, watakila ma yunwa ba ta bar gidan ba, amma kowane yaro ya san kaka ta ƙarato. Haka tashin Almasihu yake a gare mu. Har yanzu muna binne 'yan'uwanmu, amma mun riga mun ga tumu.

Jarabobi uku

Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 2, ta nuna mana cewa Shaiɗan da tsoron mutuwa yake bautar da mutane. Wanda ya tsorata ƙwarai, ba abin da ba za a iya sa shi ya yi ba. A lokacin rashin zaman lafiya akwai jarabobi uku da suke ƙwanƙwasa ƙofar mai bi.

Ta farko ita ce ta laya da guru. Wani zai zo a ɓoye ya ce akwai boka mai maganin bindiga, ko mai layar zana. Uwa mai ɗa a kan hanya kullum, zuciyarta takan karkata. Amma a tuna, ko da maganin ya yi aiki, iyakarsa ya ɗaga ranar. Boka ma mutuwa yake yi. Me ya sa za mu bar wanda ya fito daga kabari mu koma wurin wanda yake jiran nasa? Yin hankali dabam ne. A guji tafiyar dare, a saurari gargaɗin hukuma, in ta kama a tashi daga gari a tashi. Bulus kansa an zurara shi cikin kwando ta garun Dimashƙu don ya tsira, ba wanda ya ce masa marar bangaskiya.

Ta biyu ita ce ta kuɗin jini. Mutanen daji ba sa rayuwa sai da taimakon na gari: mai kai masu rahoto, mai kai masu mai da burodi, mai sayen saniyar sata da araha. In gona ta gagara, kasuwa ta mutu, samari sukan ce ai kowa ma yi yake yi. Iyaye, ku tambayi ɗanku inda ya samo sabon babur. Ku karanta masa Romawa sura 6, inda aka koya mana cewa a baftisma an binne mu tare da Almasihu, an kuma tashe mu domin sabuwar rayuwa. Ikon da ya ɗauke dutse daga bakin kabari ya isa ya riƙe hannun saurayi mai jin yunwa. Aikin ikkilisiya kuwa shi ne ta ga yunwar ba ta kai shi can ba.

Ta uku ita ce ta ramuwa, ita ce kuma ta fi wuya. Wanda aka kashe wa uba, ko aka sayar da gonarsa don biyan kuɗin fansa, zuciyarsa takan ce duk Bafulatani abokin gāba ne. Amma Fulani makiyaya da yawa su ma an kwashe masu shanu, an kashe nasu. In an tare marar laifi a kasuwa aka kashe shi, an ƙara maraya ne wanda gobe zai nemi bindiga. Sa'ad da Bitrus ya zare takobi a Getsamani, Ubangiji ya hana shi. Neman shari'a a wurin hukuma daidai ne, faɗar gaskiya a gaban alƙali ma wajibi ne. Amma ɗaukar fansa ba tamu ba ce, gama akwai wanda ya riga ya ba da ransa fansa dominmu, shi ne kuma zai yi wa kowa shari'a. Istifanas ya yi wa masu jifansa addu'a, ɗaya daga cikin waɗanda suka goyi bayan kisansa kuwa shi ne ya zama Manzo Bulus. Kada mu yanke wa Allah iyaka a kan yaran da ke daji.

In kuwa wani ya riga ya faɗi cikin ɗaya daga waɗannan, ƙofa ba ta rufe ba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku saboda tsoro. Bayan tashi, Yesu ya same shi a bakin Tekun Galili, ya ba shi abinci, ya mayar masa da aikinsa. Ba da daɗewa ba mutumin nan ya tsaya a gaban majalisar da ta kashe Yesu, ya yi shaida ba tsoro.

Iri biyu da aka binne

Yadda bishara ta iso ƙasar Hausa ma labarin binne ne. A ƙarshen 1893 mutum uku suka sauka a Ikko da niyyar shiga ƙasashen Sudan: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Cikin 1894 ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Bingham ya koma gida hannu wofi. Ga idon mutum an yi asara. Amma a 1902 aka buɗe tasha a Patigi. A 1924 mishan ɗin SIM ya kai Damagaram, kafin 1930 kuma ya zauna a Tsibiri, cikin Gobirawa. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, inda marasa lafiya daga Nijar da Nijeriya suke samun magani. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Ga gidan da ake makoki

'Yar'uwa gwauruwa, ba wanda zai hana ki kuka. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru ko da yake ya san zai tashe shi. Abin da aka roƙe mu a 1 Tasalonikawa sura 4 shi ne kada baƙin cikinmu ya zama irin na marasa bege. Ku kuma da ba ku sami gawar naku ba, ba ku san ma inda take ba, ku duba Wahayin Yahaya sura 20. An nuna a can cewa ko teku za ta mayar da matattun da ke cikinta. Ba dajin da ya ɓace wa Allah.

Wannan bege yana da aiki a hannu. In an yi rasuwa a maƙwabta, Musulmi ne ko Kirista, mu je gaisuwa, mu zauna. In 'yan gudun hijira sun sauka a garinmu, zumuntar mata ta tara hatsi da tufafi, a raba ba tare da tambayar addini ba. Ikkilisiyoyin da suke zaune lafiya su tuna da 'yan'uwan da ke bakin iyaka, da addu'a da baiko. Maigida kuma ya tara iyalinsa da maraice, kafin a rufe ƙofa, su karanta Yahaya sura 20. A can almajirai ma a kulle suke cikin ɗaki saboda tsoro, Yesu ya shigo ya tsaya a tsakiyarsu, ya yi masu sallama.

Bari mu yi addu'a domin Sabon Birni, da Isa, da Gatawa, da dukan ƙasar Gobir, a wannan hayi da wancan. Allah ya ba shugabanni hikima da adalci, ya komo da waɗanda aka kama, ya juyo da zuciyar masu bindiga, ya kuma riƙe mu da aminci har ranar girbi. Amin.